Layin Dogon Da Na Zata Ya Mutu

Abu na farko da aka koya mini a Doha shi ne yadda ake rufe ƙofa ba ta yi ƙara ba. Ranar da muka sauka, ni da 'yata mai shekara uku, maigidana ya kai mu unguwar da ake kira Fereej Abdel Aziz, ya hau da mu bene na biyu, ya buɗe wata ƙofa, sannan ya riƙe hannunta ya nuna mini: a murɗa, a tura a hankali, a saki a hankali. Na ɗauka wasa yake yi. Shekara biyu rabona da shi, ina jiran ya tambaye ni ya hanya, shi kuwa yana koya mini ƙofa.

Ɗakin ba ɗaki ba ne. Falo ɗaya aka yanka gida uku da wani farin allo mai kama da kwali, suna ce masa fatishan. Allon bai kai rufi ba, saura kamar kamu ɗaya, don sanyin na'ura ɗaya ya wadaci kowa. Namu yankin shi ne na tsakiya, babu taga. Maigidana mai gyaran na'urar sanyi ne a wani kamfani, ya daɗe yana faɗi-tashi kafin ya samo mana bizar ziyara. Dillalin da ya nema masa wuri, ɗan ƙasarmu ne ma, ya nuna masa hoton ɗaki mai taga da labule, ya rantse masa cewa masu iyali ne a gidan. Sai da ya kwaso kayansa ya ga tagar ta faɗa yankin wani. Kuma ranar da muka kwana biyu, mai kula da ginin ya tare shi a matakala ya ce shi bai san da yarinya ba. Zai kau da kai, amma ranar da wani ya kawo ƙarar hayaniya, khalas, mu nemi wani wuri. Kalmar Larabci ta farko da na riƙe ke nan.

A damanmu akwai wasu mata biyu 'yan Filifin, a hagu kuma Sista Rifkatu, nas ce daga wajen Jos. Dukkansu aikin dare suke yi, da rana barci. Maigidana kuwa bas ɗin kamfani na ɗaukarsa da sassafe, ba ya dawowa sai bayan isha'i a gajiye. Saboda haka yini guda aikina ɗaya ne: kada yarinya ta yi motsi. In ta ɗaga murya in sa yatsa a baki. In ta ja kujera in zare ido. In ta fara kuka in sungume ta mu shiga banɗaki in kunna famfo.

Dole in faɗi wani abu game da ni da yarinyar nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kai ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, shi ya sa gida ake ce mata Ummi. A wurinmu mace ba ta sakin jiki da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama tana zuba da shi. Ni ko Ummin ban taɓa furtawa ba. "Ke" nake cewa, in da mutane in ce "yarinyar nan". Ita ma Luba take ce mini, kamar yadda ta ji kowa na faɗa. Ba wanda ya ga aibin haka, yabo ma nake sha, ana cewa Luba akwai alkunya. Kuma yarinyar ba ta rasa komai ba. A gidan surukaina a Ƙaura akwai bakuna sun fi ashirin. Kakarta, Inna, tun da aka yaye ta a ɗakinta take kwana. Ummi ta yi baki da wuri har ana cewa ta fi rediyo. Ni nawa wanka da abinci da kitso, sauran na gida ne.

Ban taɓa tunanin cewa in aka cire gidan, babu abin da ya rage tsakanina da ita sai wanka da abinci ba.

Makon farko tana tambaya. Ina Inna, ina akuya, yaushe za mu koma. Ina amsawa da "yi shiru". Mako na biyu ta koma raɗa. Zuwa wata guda in tana son ruwa sai ta kamo zanena ta nuna. Uban ma baƙo ne a wurinta, in ya miƙa hannu sai ta ɓuya bayan katifa. In aka kira gida, aka sa mata waya, Inna na ta "Ummina, takwarata, ba ki gaishe ni ba", sai ta zuba wa wayar ido kawai. Inna ta tambaye ni ko mun bar yarinya ta yi gamo. Na ce lafiyarta lau, baƙunta ce.

Ranar da na ƙirga na ga kwana tara ban ji kalma ɗaya daga bakinta ba, na ce ko kunnenta ne. Na tsaya a bayanta na saki murfin tukunya, ta zabura. Ke nan tana ji. Amma ƙarar ta tashi Sista, ta ƙwanƙwasa allo. Na fita ina ba da haƙuri, ita kuwa ta tsaya da hular barci tana kallon yarinyar ta bayan kafaɗata. Ta tsuguna, ta duba mata kunne da fitilar waya, ta sa ta buɗe baki, ta tambaye ni tun yaushe. Da na faɗa mata, ta miƙe ta ce, "Kunnenta lafiya, bakinta lafiya. Ɗakin nan ne ba lafiya. Ki riƙa fita da ita, Maman Ummi." Ba wanda ya taɓa kirana haka. Na sunkuyar da kai kamar an kama ni da sata.

Wata Juma'a maigidana ya kai mu Souq Waqif. Kasuwa ce mai lunguna, ga bango kamar na ƙasa, ga azara a rufi, ga 'yan dako tsofaffi da baro. Na ce ashe su ma suna da tsohuwar kasuwa irin tamu. Ya yi dariya ya ce in taɓa bangon. Ya ce yawancinta sake ginawa aka yi, aka mai da ta kamar ta dā, don mutanen nan suna son tsohon abu amma ba sa son ƙazantarsa. Na riƙe maganar nan. Ita ce ta ɓatar da ni daga baya.

A hanyar komawa na lura da alamomi, saboda ni ba karatu mai nisa na yi ba, allunan titi ba sa yi mini amfani. Na riƙe masallaci mai farar hasumiya, da shagon Indiyawa mai kwandon albasa a ƙofa, da mahaɗar da ake jiran fitila. Washegari da bas ta ɗauki maigidana na goya yarinya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban gaya masa ba. Na san zai ce in na ɓata wa zai nemo ni.

Haka na faɗa Mushairib. Unguwa ce sabuwa fil, dogayen gidaje masu launin madara, an jera su kusa da kusa don inuwa. Da sassafe babu kowa sai masu shara da masu goge gilashi. Na sauke yarinya ta taka da ƙafarta. Muna tafe sai na ji ta fizge hannunta. Ta yi gaba da gudu, ta tsaya a tsakiyar wani titi da aka shimfiɗe da dutse, ta tsuguna. Da na ƙarasa na ga abin da ta gani. Ƙarfe biyu ne a nutse cikin dutsen, kai ɗaya da ƙasa, sun miƙe sun sha kwana sun ɓace bayan wani gini.

Layin dogo.

Gidan surukaina a bakin layin dogo yake, kusa da inda ya ƙare. Tun kafin in yi wayo jirgi ya daina zuwa mana. Ni ban taɓa ganinsa yana tafiya a kan ƙarfen nan ba, sai labari a bakin tsofaffi. Abin da na sani shi ne ƙarfen. A wani wuri yana sama, a wani wuri ƙasa ta cinye shi, inda titi ya ratsa kuwa kwalta ta rufe shi saura bayansa kawai ke leƙowa. A kansa ake ɗaure akuya. A gefensa ake shanya kuɓewa da barkono. Yara na kafa kunne a jikinsa wani ya buga dutse daga nesa. Da la'asar Inna kan zauna a kansa da farantin gyaɗa, Ummi a cinyarta. A wurinmu in ka ce layin dogo, wurin zama kake nufi.

Ba wai ban duba ba. Na duba sosai. Na ga babu tsakuwa, babu katakon da ake ɗora ƙarfe a kai, babu waya a sama, babu shinge, ga shi ya bi ta ƙofar shaguna inda ko mahaukaci ba zai bi da jirgi ba. Abu ɗaya ya tsaya mini: namu ja ne da tsatsa, wannan yana ƙyalli. Sai na hango wani dattijo mai shara yana bin ɗan kwarin da ke gefen ƙarfen da tsintsiya yana fitar da ƙura. Na tuna bangon kasuwa. Na ce shi ke nan, tsohon layinsu ne na zamanin kakanni, jirgin ya mutu kamar namu, suka bar ƙarfen don ado suna goge shi. Har wani sanyi na ji a raina, na ce ashe masu kuɗi ma jirginsu na mutuwa.

Ummi ta zauna daram a kan ƙarfen ta miƙe ƙafa. Ni na samu wani dakali na zauna, na ɗan ba ta gefe kamar yadda na saba. Ba ta yi magana ba ranar. Amma da na ce mu tafi ta tirje, kuma rabon da ta yi mini gardama har na manta.

Muka mai da shi kullum. Mu fito da sanyin safiya, mu koma kafin rana ta ɗaga, tun masu aikin dare ba su yi nisa da barci ba. Ta fara tara marafan robar ruwa a aljihun rigarta. Rana ta huɗu ta jera su a kan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ta gyara zama, ta ɗaga kai ta kalli titin da babu kowa. Sai na ji wata 'yar murya a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:

"A sayi gyaɗa."

Ban juya ba. Na ji tsoron in na juya za ta daina. Na kafa ido a kan wani gilashi da ke gabana, ina kallonta ta ciki, hawaye na bin haɓata.

Dattijon mai shara shi ya fara saye. Siriri ne, baƙi, mai furfura a gefen kai, ban san ƙasarsa ba, ba na jin yarensa ba ya jin nawa. Ya jingine tsintsiya, ya tsuguna, ya tsinci ganye ya miƙa mata, ta ba shi murfi ɗaya. Ya yi kamar ya jefa a baki yana taunawa yana kaɗa kai. Ta ce masa bai biya daidai ba, ya ƙaro. Ya ƙaro ganye. Daga nan kullum sai ya tsaya, ita kuma tana zuba masa Hausa, tana yi masa faɗa irin na Inna, tana ce masa jiya ma haka ya yi. Wata rana ya kawo mata dabino uku a takarda. Ni ko sau ɗaya ban tashi na saya ba. Na yi niyya ya fi a ƙirga. Sai in ji kamar duk matan gidanmu na tsaye a bayana suna kallo.

Bawan Allah nan ya yi ƙoƙarin gaya mini. Sau biyu ko uku ya zo gabana ya nuna agogon hannunsa, ya nuna ƙarfen, ya ce "tin, tin", ya yi alama da hannu kamar abu na wucewa. Na ɗauka labarin jirgin dā yake ba ni, irin yadda tsofaffinmu ke yi. Na gyaɗa kai, na nuna ƙirjina na ce mu ma haka, mu ma namu ya tafi. Ya kalle ni, ya kalli agogo, ya ga da sauran lokaci, ya ci gaba da shararsa.

Kusan mako uku muka yi a haka. A ɗaki har yanzu ba ta magana, amma na daina jin tsoro, tunda na san muryar na nan, na san inda ake samunta.

Ranar da abin ya faru, maganar ce ta yi yawa. Ta sayar da gyaɗa, ta koma ba marafan sunayen 'yan gida, wannan Inna, wannan Baba Sale, wannan akuya. Ta shiga ba su labarin jirgin sama da ta hau, abin da ban taɓa sanin ta riƙe ba. Na ga rana ta hau bango, na ga an fara buɗe shaguna, mutane masu jaka sun fara wucewa. Na ce bari ta kai ƙarshen wannan. Ta kai ta ɗauko wani. Na ce bari wannan ma.

Ban ji komai ba sai 'yar ƙararrawa. Tin, tin. Na ɗaga kai na ga wani abu kamar doguwar bas mai gilashi ya shawo kwana a kan ƙarfen, ba hayaƙi, ba rugugi, yana tahowa sumul. Yarinya ta ba shi baya.

Na miƙe. Tsakanina da ita bai fi taku goma ba, amma ban taka ko ɗaya ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Ke. Ke." Ba ta waiwayo ba. Me zai sa ta waiwayo? "Ke" a bakina ba ta taɓa nufin komai ba sai ta yi shiru, ita kuwa tana tsakiyar labari. Sunan yana nan a kan harshena, ina jin nauyinsa, wallahi bai fito ba.

Gaskiya ita ce jirgin a hankali yake tafiya, kuma direban ya gan ta tun daga kwana, ya tsaya da sauran tazara. Dattijon ne ya yar da tsintsiya ya sure ta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma ta juyo a hannunsa ta ga ƙaton gilashi a kanta da fuskoki a ciki suna leƙe, wasu sun ɗaga waya. Ta buɗe baki kamar za ta yi ihu, ba abin da ya fito. Ya sauke ta, ya koma ya tsince marafan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba mini a hannu, bai kalle ni ba.

Masu gadi biyu suka zo. Ba su yi mini tsawa ba, ɗaya ma ya kawo wa yarinya ruwa. Suna ta tambaya da Turanci da Larabci, ni ina ta cewa "sori". Suka nemi takarda, ba ni da komai sai lambar maigidana da ya rubuta mini a bayan katin shago. Suka kira shi. Na zauna a wani ɗan ofis mai sanyi fiye da awa ɗaya, yarinya a cinyata kamar tsumma, jirgin na wucewa ta taga, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ashe zagaye yake yi a cikin unguwar, kuma ba ya fara aiki sai rana ta ɗaga. Duk kwanakin nan muna barin wurin kafin ya fito.

Maigidana ya zo da kayan aiki a jikinsa. Ya yi ta ba su haƙuri, ya sa hannu a wata takarda. Muka dawo gida. A ɗaki ba halin faɗa, sai ya zauna a bakin katifa yana magana ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihu ciwo. Ya ce sai da ya roƙi shugabansa kafin a bar shi ya fito, kuma yanzu maganar za ta iya kaiwa kunnen kafil, wanda zamansa a ƙasar ke hannunsa. Ya ce mako uku ina fita bai sani ba. Ya tambaye ni wane irin mutum ne zai ga ƙarfe na ƙyalli ya ɗora 'yarsa a kai. Na ce a gida ai a kai muke zama. Ya ce, "Luba, nan komai da kika gani yana aiki. Mu ne kawai aka ajiye." Daga ranar ya hana fita sai da shi, ranar Juma'a.

Yarinya ta koma shiru, wannan karon har nuni ta rage. Marafan na zuba mata a gaba, ta ture.

Sista Rifkatu ta ji komai ta saman allo, ba yadda za a yi ba ta ji ba. Da maigidana ya fita washegari ta kira ni yankinta, ta zuba mini shayi, ta sa na ba ta labari daga farko. Da na zo wurin "ke, ke", ta ajiye kofi. Ta ce ta san al'adar, maƙwabtansu a gida suna yi, amma can akwai kaka da gwaggo da inna. Nan wa nake jin kunya, na'urar sanyi? Na ce ba wai ba na so ba ne, ban san me ake ce musu ba. Ta ce, "Ke da kika yi minti arba'in kina ba ni tarihin akuyar surukarki? Je ki ba ta rabin wannan." Har ta ce ta yafe barcinta na awa ɗaya kullum, za ta kuma roƙi 'yan Filifin, mu yi surutu yadda muke so.

Na gwada. Allah ya sani na gwada. Na zauna a gabanta na ce yau me za mu dafa. Na ce kin tuna akuyar Inna mai baƙin kunne. Muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwa. Har sunan na faɗa, a karo na farko, ina kallon bango. Ta ɗago ta dube ni yadda ake duban baƙon da ya shigo gida ba sallama, ta ja jiki ta koma lungun katifa. Na jera marafan da kaina, na tsinke ganyen na'ana'a na miƙa mata na ce a ba ni gyaɗa. Ta kalli ganyen, ta kalle ni. Shekara uku na yi ina koya mata cewa ni ba wurin magana ba ce, ta kuma koya da kyau. Kwana goma ba su isa warwarewa ba, kuma kwana goman kawai aka ba ni.

Don maganar ta riga ta isa gida. Inna ta ce a dawo mata da takwararta kafin mu mai da ta kurma. Yayar maigidana, Yaya Hadiza, 'yar kasuwa ce, za ta biyo ta Doha a hanyarta ta komawa, sai aka ce ta tafi da yarinyar. Na ce to mu koma tare. Maigidana ya ce bai yi shekara biyu yana neman takardar nan don in yi wata uku in juya ba, kuma ana ƙoƙarin mai da ita bizar zama. Ya ce ai dama yarinyar a ɗakin Inna take kwana, me ya canza. Gaskiya ya faɗa. Na kira mahaifiyata ina kuka, ta ce in rufa wa kaina asiri, wace mace ce ke kuka a kan ɗan fari har a ji ta.

Aka yi takardu, na dangwala hannu inda aka nuna mini. A filin jirgi Yaya Hadiza ta ɗauke ta tana yi mata wasa. Na gyara mata ɗankwali, na ce wa Yaya ba ta son madara da sanyi. Abin da na iya faɗa ke nan. Yarinyar ta kwantar da kai a kafaɗar gwaggonta, suka shige.

Kwana goma sha biyu bayan nan ƙanwar maigidana, Sa'a, ta turo saƙon murya. Na buɗe a banɗaki. Hayaniyar tsakar gida ce, ana daka, sai ga muryar yarinyar a sama da ta kowa, garau, tana rantsuwa cewa ba ita ta zubar da gero ba. Na saurara ya fi sau ashirin. Na yi alwala na yi sujada. Abin da nake roƙo ke nan, an kuma ba ni.

Da yamma na kira ta bidiyo. Inna ta ɗauka tana dariya, ta ce ga rediyonsu ya gyaru, ruwan Ƙaura kawai yake so. Ta kira yarinyar ta ce zo ga Luba. Ta zo da gudu tana magana, bakinta duk maiƙo. Da ta ga fuskata ta tsaya. Na ce mata sannu, na tambaye ta me ta ci. Ta yi shiru. Na sake tambaya. Ta tura wayar da hannu ta ce, "Inna, kashe, wasa nake yi." Aka yi dariya a tsakar gida, wata ta ce 'yar ma ta iya alkunya.

Na gwada sau huɗu a ranaku daban-daban, duk haka. Sai na daina neman a ba ta. Yanzu abin da muke yi da Sa'a shi ne, in ta samu sarari da hantsi sai ta kira ni, ta kife wayar a kan taga ta bar ta a kunne, ba ta gaya wa kowa. Ni kuma in sa abin ji a kunne, in zauna a bakin katifa a ɗakin nan marar taga. Ta haka na san yarinyar ta fara cewa "wai" a farkon kowace magana, ta haka na san tana tsoron sabon zakara, kuma ta yi ƙawa mai suna Hafsa.

Shekaranjiya wata maƙwabciya ta shigo gidan, na ji tana tsokanar yarinyar, tana cewa 'yar Ƙatar, ina kika baro uwar taki. Na danne abin jin da yatsa.

Yarinyar ta ce, "Tana can." Sai ta ci gaba da ba Hafsa labarin zakara, ni kuma na ci gaba da saurare har katin Sa'a ya ƙare.